Darasi na 12: Shiga Binciken Ƙwayoyin Gado, Yarda da Sani ko Ƙi da Sani

MANUFOFIN DARASI

Bayan kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana ma'anar DNA da ƙwayar gado da bakinsa;
2. bambanta gwajin asibiti da binciken masana;
3. faɗin dalilin da ya sa ake neman mutanen Afirka su shiga irin wannan bincike;
4. lissafa abubuwan da ke sa mutane yarda da waɗanda ke sa su ƙi;
5. sanin haƙƙoƙinsa da tambayoyin da zai yi kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

GABATARWA

A 'yan shekarun nan, mutum kan je asibitin koyarwa a Kano, Zariya, Ibadan ko Kumasi, ma'aikaciyar jinya ta ja shi gefe ta ce: "Muna wani bincike, ko za ku yarda mu ɗebi ɗan jininku?" Wani sai ya miƙa hannu nan take, don a ganinsa ba a musu da mai farar riga. Wani kuwa sai ya kau da kai, don ya ji a majalisa cewa sayar da jinin ake yi a ƙasar waje. Na farko ya yarda bai san da me ya yarda ba. Na biyu ya ƙi bai san me ya ƙi ba.

Jininku naku ne, shawarar ma taku ce. Burin darasin nan shi ne wanda zai ce e ya faɗa da sani, wanda zai ce a'a shi ma ya faɗa da sani.

1. MENE NE GADON JIKI?

Kowa ya san ɗa kan ɗauko hancin ubansa ko muryar uwarsa. Ta ina wannan kama take bi?

An gina jikin mutum da ƙananan abubuwa waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ƙwayoyin halitta. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wani dogon sinadari mai kama da zare, ana ce masa DNA. Ƙananan sinadarai iri huɗu ne suka jeru suka haɗa shi, masana kuma suna yi musu laƙabi da haruffa huɗu: A, C, G da T. Jerin haruffan mutum ɗaya ya kai kusan biliyan 3. DNA a nannaɗe yake cikin dunƙule 46: guda 23 daga uwa, 23 daga uba.

Idan aka gwada jerin mutum biyu, ko da ɗaya Bahaushe ne ɗaya Bajamushe, za a tarar kusan kashi 99.9 cikin 100 iri ɗaya ne. A ɗan ragowar nan ne bambancin kamanni yake, da bambancin yadda jiki ke karɓar cuta ko magani.

Gado ba shi kaɗai ke yanke lafiyar mutum ba. A cututtuka irin su hawan jini da ciwon suga, gado yana haɗuwa ne da abinci, da aiki, da wurin zama.

> AKWATIN MA'ANA (1)
> DNA: sinadarin da ke cikin ƙwayoyin halitta, wanda ke ɗauke da umarnin ginin jiki.
> Ƙwayar gado: wani yanki na DNA mai ba jiki umarnin yin aiki guda. Mutum yana da kusan 20,000.
> Samfur: ɗan jini, yawu ko wani abu na jiki da aka ɗiba domin a auna.

2. SIKILA: CUTAR GADO DA MUKA SANI

Babu cutar gado da ta fi sikila, wato amosanin jini, sanuwa a ƙasarmu. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a Najeriya kowace shekara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana ɗauke da ƙwayar sikila, wato S, ba tare da yana ciwon ba.

Kowane mutum yana karɓar ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar lafiya ana ce mata A. Mai A biyu shi ne AA. Mai A da S shi ne AS, lafiyarsa lau, amma yana iya miƙa S ga 'ya'yansa. Mai S biyu shi ne SS, shi ne mai ciwon.

Misali na 1. Wani magidanci AS ne, matarsa ma AS ce. Sun haifi 'ya'ya uku, babu mai sikila. Shin ciki na huɗu dole ya zama SS?

*Warwarewa:* A kowane ciki hanyoyi huɗu ne: A da A, A da S, S da A, S da S. Hanya ɗaya cikin huɗu ce ke ba da SS, wato kashi 25 cikin 100. Kowane ciki lissafinsa daban, bai dogara da na baya ba. Saboda haka ba dole ba ne ciki na huɗu ya zama SS, kuma ba a tsira daga yiwuwar hakan ba.

Misali na 2. Idan jarirai 150,000 ne a shekara, nawa ke nan a rana?

*Warwarewa:* 150,000 a raba da 365, ya ba da kusan 411 a kowace rana.

Wannan ilimi bai faɗo daga sama ba. Mutane ne suka ba da jininsu aka auna. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, bayan ya auna jinin jama'a a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Wannan ne ya bayyana dalilin yawan ƙwayar S a ƙasashe masu sauro. Daga 1969 zuwa 1976 an yi wani babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau. Awon jinin mutanen Garki ya nuna cewa a wancan lokaci akasarin yaran da aka haifa da SS ba sa tsallake ƙuruciya. A zamaninmu kuma, iyaye a Kano da Kaduna sun yarda 'ya'yansu masu sikila sun shiga binciken da ya nuna amfanin maganin hydroxyurea wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

3. GWAJI DABAN, BINCIKE DABAN

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinotayif, wato sanin ko mutum AA ne, AS ko SS. Wannan gwaji ne. Ana yin sa domin ango da amarya su san kansu, kuma sakamakon hannunsu yake zuwa.

Bincike kuwa tambayarsa ta shafi jama'a gaba ɗaya. Misali: me ya sa ciwon ƙoda ke kama wasu dangi fiye da wasu? Don a amsa, sai a tara samfur daga dubban mutane, masu ciwon da marasa ciwon, a gwada jerin haruffansu. Aikin kan ɗauki shekaru. Sau da yawa wanda ya ba da jini ba ya samun sakamakon kansa, kuma amfanin binciken ba lallai ya riske shi ba. Mai yiwuwa jikokinsa ne za su ci moriya.

> AKWATIN MA'ANA (2)
> Gwaji: awon da ake yi wa mutum domin a san halin lafiyarsa shi kansa.
> Bincike: aikin neman sabon ilimi daga mutane da yawa, domin amfanin jama'a.
> Rumbun samfur: wurin da ake ajiye jini ko DNA cikin sanyi mai tsanani, tare da bayanan lafiya, domin binciken gaba.

4. ME YA SA AKE NEMAN MUTANEN AFIRKA?

An fara gagarumin aikin karanta jerin haruffan ɗan Adam a 1990, aka bayyana kammala shi a 2003. Tun daga nan aka yi dubban bincike. Sai dai ƙididdigar masana ta nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka auna a manyan binciken cututtuka 'yan asalin Turai ne. 'Yan asalin Afirka kashi 2 zuwa 3 ne kacal. Alhali kuwa a Afirka ne bambancin DNA tsakanin mutane ya fi yawa a duniya.

Rigar da tela ya ɗinka da awon wani, ko ta shige ku ba za ta zauna daidai ba. Haka maganin da aka auna a jikin wasu mutane kaɗai. Ga misalai uku:

- Efavirenz, maganin cutar HIV, yakan daɗe a jinin mutane da yawa 'yan Afirka, saboda wani bambanci a ƙwayar gadon da ke sarrafa shi. Hakan kan ƙara musu jiri da munanan mafarkai.
- A 2010 an gano wasu canje-canje a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma. Suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda.
- A 2005, a birnin Dallas na Amurka, an gano wasu baƙaƙen fata masu wani canji a ƙwayar PCSK9, wanda ke sa kitsen jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan ya taimaka wajen samar da sababbin magungunan rage kitsen jini, waɗanda aka amince da su a 2015.

Don cike wannan giɓi aka kafa shirin H3Africa a 2010, da kuɗin Cibiyoyin Lafiya na Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya, masanan Afirka kuma suka jagoranci ayyukan. Ɗaya daga cikin rumbunan samfur na shirin yana Abuja. Bincikensa a kan shanyewar ɓarin jiki ya haɗa asibitoci a Ghana da Najeriya, har da na Kano da Zariya. A 2020 masanan shirin suka wallafa abin da suka samu daga mutum 426 kawai, daga ƙabilu 50 a ƙasashe 13: bambance-bambance sama da miliyan 3 waɗanda ba a taɓa rubutawa ba.

5. ABIN DA KE SA MUTANE YARDA

Ɗari-ɗari da irin wannan bincike ba halin mutanenmu kaɗai ba ne.

Misali na 3. Tsakanin 2006 da 2010 rumbun samfur na Birtaniya, UK Biobank, ya gayyaci mutane kusan miliyan 9. Waɗanda suka amsa kusan 500,000 ne. Kashi nawa ke nan?

*Warwarewa:* 500,000 a raba da 9,000,000, a ninka da 100, ya ba da kusan 5.6. Wato a cikin kowane mutum 100 da aka gayyata, ba su kai 6 ba suka je.

A 2020 kuma an wallafa sakamakon jin ra'ayin mutane sama da 36,000 a ƙasashe 22. An ga cewa mutane sun fi yarda su ba likita bayanan DNA ɗinsu fiye da su ba kamfani mai neman riba. An kuma ga cewa waɗanda suka riga suka san wani abu game da DNA sun fi saurin yarda. Ashe ke nan yarda tana bin abu biyu: sani da amana.

Ga dalilan da aka fi ji daga masu yarda:

1. Ciwon yana gidansu. Uwar da ta kwana a asibiti da ɗa mai sikila ba ta buƙatar dogon bayani kan muhimmancin neman magani.
2. Taimakon al'umma da neman lada. Wasu na kallon abin a matsayin alherin da zai amfani na baya.
3. Amincewa da likitansu, musamman wanda ya daɗe yana kula da su kuma yake magana da harshensu.
4. An bi ta hannun shugabanni. Idan an fara sanar da hakimi, mai unguwa, limami ko fasto, hankalin jama'a ya fi kwanciya.
5. Duba lafiya kyauta, kamar awon hawan jini da suga.

Akwai kuma yardar da ba yarda ba ce. Mutum ya amince don kunyar likita, ko don tsoron kada a daina ba shi magani, ko don talauci ya sa 'yan kuɗin mota sun rufe masa ido. Mai bincike na gari ba ya son irin wannan yarda.

6. ABIN DA KE SA MUTANE ƘI

Kuskure ne a ce duk mai ƙi jahili ne. Wasu dalilan suna da tushe a tarihi.

Kano, 1996. A lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 ne suka shiga, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma da gwajin DNA aka tantance iyalan da aka fara biya diyya a 2011. Wannan gwajin magani ne, ba binciken gado ba, amma tabonsa ya shafi kowane irin bincike. Da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin hujjojin da aka riƙa kafawa. Kano ba ta koma rigakafin ba sai 2004, a tsakanin nan kuma cutar ta bazu, yara suka shanye. Cin amana ɗaya ya jawo asara biyu.

Arizona, Amurka. Daga wajen 1990, masanan Jami'ar Jihar Arizona suka ɗebi jinin wata ƙaramar ƙabila mai suna Havasupai. Mutanen sun ba da jinin ne bisa fahimtar cewa ciwon suga za a bincika, don ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali, da auren zumunci, da asalin ƙabilar. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000, ta mayar musu da ragowar jinin.

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah. Ban da tarihi, ga sauran abubuwan da ke damun mutane:

- Tsoron ƙarewar jini. Wannan lissafi yana warware shi, kamar yadda za mu gani a Misali na 4.
- Tsoron tonon asiri. Idan aka ji akwai wata cuta a dangi, 'yan matan gidan na iya rasa manema. DNA ɗin mutum kuma yana faɗin wani abu game da 'yan'uwansa, har da nasaba.
- Ina jinin zai je? Mutane na son sanin ko za a fitar da shi waje, da wanda zai taɓa shi.
- Wa zai ci riba? A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila ta hanyar gyaran ƙwayar gado. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Najeriya, ƙasar da ta fi kowa yawan masu sikila, ba ta da halin sayensa. Mai tambayar ribar al'ummarsa tambayar gaskiya yake yi.
- Addini. Mai shakka yana da damar ya nemi lokaci ya tuntuɓi malaminsa.

Misali na 4. Wani manomi ya ce idan aka ɗebi jininsa ba zai iya noma ba. Baligi yana da jini kusan lita 5, wato mililita 5,000. A ce an nemi mililita 10, kimanin cokalin shayi biyu. Wane kaso ke nan?

*Warwarewa:* 5,000 a raba da 10, ya ba da 500. Kashi ɗaya ne cikin 500, jiki kuma yana mayar da shi da kansa. Mai ba da gudummawar jini a asibiti yakan ba da kusan mililita 450, ninki 45 na wannan.

7. HAƘƘOƘINKU

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 suka kafa dokar cewa ba a bincike a kan mutum sai da yardarsa. Najeriya tana da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da kundin ƙa'idoji na 2007. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan gado cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. A Afirka ta Kudu, al'ummar San sun rubuta nasu ƙa'idojin a 2017, suka ce duk mai son bincike a kansu sai ya zo da girmamawa, gaskiya, adalci da kulawa.

Ga haƙƙoƙin a taƙaice:

1. A yi muku bayani da harshen da kuke ji. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken.
2. A ba ku lokacin shawara da iyali.
3. Kuna iya ƙi, kuma ba za a rage muku kulawa a asibiti ba.
4. Kuna iya janyewa daga baya. Amma ku tambaya tun farko, domin bayanin da aka riga aka rarraba wa wasu masana ba ya dawowa.
5. A cire sunanku daga samfurin a sa lamba. Wannan yana rage haɗarin tonon asiri ƙwarai, ko da yake babu mai iya rantsuwa cewa ya kawar da shi gaba ɗaya.
6. Mace na iya shawara da mijinta, amma yardar tata ce. Mai unguwa na iya buɗe wa masu bincike ƙofa, amma ba ya yarda a madadin kowa.
7. Yaro sai da izinin iyaye, idan kuma ya yi wayo a ji ta bakinsa.
8. A ba ku kwafin takardar, da hanyar kai ƙara ga kwamitin da ya amince da binciken.

> AKWATIN MA'ANA (3)
> Yarda da sani: amincewar mutum bayan ya fahimci manufa, haɗari da amfani, ba tare da tilas ko yaudara ba.
> Yarda taƙaitacciya: izinin bincike guda ɗaya tak.
> Yarda mai faɗi: izinin ajiye samfur domin wasu binciken na gaba, bisa sa idon kwamiti.
> Kwamitin ɗa'ar bincike: mutanen da ke duba kowane bincike kafin a fara, domin kare masu shiga.

8. YADDA AKE TATTAUNAWA

Misali na 5. Wani dattijo mai ɗinkin hula yana zuwa asibiti saboda hawan jini. Wata matashiyar ma'aikaciya ta same shi.

*Ma'aikaciya:* Baba, ina wuni? Muna bincike a kan ciwon ƙoda, muna roƙon ku ba mu jini cokali biyu.

*Dattijo:* Lafiya lau, 'yata. Wannan yana cikin maganina ne?

*Ma'aikaciya:* A'a, Baba. Ko kun ƙi, maganinku yana nan yadda yake.

*Dattijo:* To, ina za a kai jinin?

*Ma'aikaciya:* Za a ajiye shi a nan ƙasar. Wani ɓangare na iya zuwa waje, bisa yarjejeniya a rubuce, da lamba a maimakon sunanku.

*Dattijo:* Na ƙoda na ji. Amma ban yarda a yi wani binciken da shi ba sai an sake tambayata.

*Ma'aikaciya:* Akwai gurbin hakan a takardar, Baba. Sai mu cike shi yadda kuka ce.

*Dattijo:* Ba ni takardar in kai wa babban ɗana ya karanta mini. Ranar Litinin ki ji amsata.

*Nazari:* Dattijon ya bambanta magani da bincike. Ya zaɓi yarda taƙaitacciya. Ya nemi lokaci. Ko e ya ce ranar Litinin ko a'a, da sani zai faɗa.

Matambayi ba ya ɓata. Ku riƙe waɗannan tambayoyi bakwai:

1. Su wa ke yin binciken, wa ke ba da kuɗi?
2. Wane kwamiti ya amince da shi?
3. Me za a ɗiba, kuma nawa?
4. A ina za a ajiye, har tsawon wane lokaci?
5. Kamfani mai neman riba zai iya amfani da shi?
6. Idan aka ga wani abu mai haɗari ga lafiyata, za a gaya mini?
7. Me al'ummarmu za ta samu, kuma yaushe za a dawo a faɗa mana sakamako?

TAƘAITAWA

- DNA yana ɗauke da gadon jiki, rabi daga uwa, rabi daga uba.
- Gwaji na mutum ɗaya ne, bincike na jama'a ne.
- Ƙarancin 'yan Afirka a bincike yana sa ilimin magani bai cika dacewa da jikinsu ba.
- Tsoron mutane yana da dalilai, wasu tarihi ya tabbatar da su, wasu bayani yana warware su.
- Nauyin gina amana yana kan masu bincike. Nauyin tambaya kafin yanke shawara yana kanmu.

TAMBAYOYIN BITA

A. Cike gurbi

1. Mutum yana da dunƙulen DNA guda ______, daga uwa ______, daga uba ______.
2. Idan AS ya auri AS, yiwuwar SS a kowane ciki kashi ______ ne cikin 100.
3. Wurin ajiye jini ko DNA domin binciken gaba shi ne ______.

B. Gaskiya ko ƙarya?

4. Wanda ya ƙi shiga bincike za a iya hana shi magani.
5. Mai unguwa yana iya yarda a madadin mutanen unguwarsa.
6. Duk wanda ya ba da jini a bincike zai karɓi sakamakon kansa.
7. Masu AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

C. Amsa a taƙaice

8. Faɗi bambanci biyu tsakanin gwaji da bincike.
9. Wane laifi mutanen Havasupai suka ce an yi musu? Wace irin yarda suka fahimci sun bayar?
10. Ta yaya abin da ya faru a Kano a 1996 ya shafi rigakafin shan inna a 2003?
11. Kawo dalilai uku da ke sa mutane yarda, da uku da ke sa su ƙi.

D. Lissafi

12. An gayyaci mutum 800 a wani gari, 240 suka yarda. Kashi nawa ke nan cikin 100?
13. An ɗebi jini mililita 20 daga mai jini mililita 5,000. Kashi ɗaya cikin nawa ke nan?
14. Idan AA ya auri AS, rubuta hanyoyi huɗun da ciki zai iya bi. Akwai SS a ciki?

E. Aikin rukuni

15. Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama mai bincike, ɗaya uwar yaro mai sikila, ɗaya shaida. Uwar ta yi tambayoyi bakwai na sashe na 8, shaida kuma ya faɗa wa aji ko an cika sharuɗɗan yarda da sani.
16. Ku rubuta sharuɗɗa biyar da kuke so masu bincike su cika kafin su fara aiki a unguwarku ko ƙauyenku. Ku kawo su darasi na gaba domin a tattauna.